Ranar da Baffa ya juya kan batir

Wata Asabar da damina, shekarar da na shiga aji biyar, ina ɓarar gyaɗa a zauren gidanmu a Daura sai aka turo tsohuwar a-kori-kurar Baffa Iliya, yayan babanmu. Daga Mai'adua ya sayo ta don jigilar gero, ga ta ta ƙi tashi. Babanmu mai wayarin ne, wato mai gyaran wutar mota, a gindin darbejiyar ƙofar gida yake aiki. Ya wuni a ƙarƙashinta, ya fito hannu duk baƙin mai, ya ce, "Yaya, wannan ƙirar da ce. Sauran motoci kan batir mai alamar ragi ake haɗawa da ƙarfen jikinsu, ita kuwa mai alamar ƙari ne. Don Allah kada a taɓa." Baffa ya yi tsaki. Mutum ne da bai yarda ƙaninsa ya san abin da shi bai sani ba.

Da Baba ya tafi sallar la'asar, ina gani Baffa ya ɗauki sifana ya juya wayoyin. Yana murza makulli hayaƙi ya turnuƙe, roba na narkewa tana ɗiga a ƙasa. Kafin masallata su dawo ya tara jama'a yana cewa ƙaninsa ya ƙone masa mota don hassada. Na miƙe na ce na ga wanda ya juya. Baffa ya daka mini tsawa, "Ke 'yar mace, me kika sani?" Baba, da ya dawo daga masallaci ke nan, ya dube ni ya ce, "Binta, shiga gida. Ba a ƙaryata babba."

Daga ranar direbobin Baure da Dutsi suka daina tsayawa a ƙofarmu. Baba ya tattara kayan aikinsa a buhu ya koma gona, bai sake tayar da maganar ba har ya rasu. Ni kam ban yafe ba. Ko tuwo aka aike ni in kai gidan Baffa, a ƙofa nake ajiyewa.

Yanzu motoci duk tsari ɗaya ne, yaran gareji a waya suke duba zanen wayoyi, babu mai musu da su. Baffa ya tsufa, idonsa ya tafi, kuma ni ke kai shi asibiti. A hanya yakan ce kaf Daura ba a yi mai wayarin kamar ƙaninsa ba. Da ma ya faɗi haka Baba na raye.