Ƙusar Farko

Shekara talatin da biyar Kafinta yana buga ƙusa a gidajen mutane, amma bangon gidansa bai taɓa ganin ko ɗaya ba. Da rancen banki ya sayi gidan, ɗaki uku da falo, kuma tun ranar da ya sa hannu a takarda ya kafa doka: "Bangon nan na banki ne har sai na gama biya. Ni ba na huda kayan mutane."

Mutum ne mai sanyin hali, amma in ya kafe, ya kafe ke nan. Labule sai da ya yi masa ƙafafu na katako. Agogon bango kujera guda aka ba shi a falo, in baƙi sun yi yawa wani ya rungume shi a cinya. Madubi kuwa a ƙasa yake jingine, duk mai son ganin fuskarsa sai ya durƙusa. Matarsa ta yi mita har ta gaji, da abin ya fi ƙarfinta ta mai da shi wasa. Haka aka shekara goma sha huɗu.

Ana nan sai ya samu aikin bencina na wata makaranta, aka biya shi kuɗin da bai taɓa riƙe irinsu ba. Za su isa ya biya ragowar shekara shida na bashin gida, ko ya sayi injin gyaran katako, amma ba duka biyun ba. Injin nan ya daɗe a ransa. Kullum in ya wuce shagon da ake sayar da shi sai ya tsaya ya shafa shi, don kafaɗarsa ta fara ƙorafi da zarto.

Autarsa, wadda ke aikin lissafi a wani kamfani, ta zo da takarda da biro. "Baba, ruwan bashin nan ba shi da yawa. Injin zai mai da kuɗinsa cikin shekara biyu, sauran duk riba ce. Ka ci gaba da biyan banki a hankali."

Ya duba, ya ga gaskiyarta. Ya juya wajen matarsa. Ta ce, "Maigida, sayi injinka kafaɗarka ta huta. Mun saba."

Washegari da safe ya shirya zai tafi shagon injin, sai ya hango ta a ɗaki tana ɗaura ɗankwali a gaban madubi. Da ta gama, ta dafa gado, ta dafa gwiwa, ta yi yunƙuri sau biyu kafin ta miƙe. Ba ta san yana kallo ba. Tausayinta ya kama shi, ga kunya. Ya ƙirga shekara shida a kan gwiwar nan, ya fita, ƙafarsa ta kai shi banki.

Da yamma Auta ta ga takardun gida a kan tebur. "Haba Baba! Lissafi fa bai ba ka gaskiya ba."

"Lissafinki daidai ne, 'yata. Gwiwar uwarki ce ba ki sa a ciki ba."

Ya ɗauko guduma, ya auna tsayin matarsa a bango, ya saita ƙusa. Hannun da bai taɓa kuskure ba ya kauce, ƙusa ta lanƙwashe.

"Au, kai ne kafintan da ake ba mu labari?" in ji matarsa. "Kawo in riƙe maka."

Ƙusa ta biyu ta shiga. Ya rataye madubin, ta tsaya a gabansa a miƙe, ta daɗe tana kallo.

"Ashe haka na tsufa," ta ce.

Yana tsaye a bayanta da guduma a hannu. Ta kalle shi ta cikin madubin.

"Matso mana, Maigida. Ya ishe mu mu biyu."