Butar Gwaggo Hajo

Bana shekara takwas ke nan da rasuwar Gwaggo Hajo, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta riƙe ni a Bakura tun ina ƙarama. Allah ya jiƙanta. Har yau in na tuna ta, dariya ke riga hawaye zuwa.

'Yan shekaru bayan al'adarta ta ɗauke, ta zame a bakin rijiya. Faɗuwar da ko yaro ba zai yi wa kuka ba, amma wuyan hannunta ya karye. Mai ɗori ya ɗora, ya warke. Ba a jima ba kuma sai ciwon baya, tsawonta ma ya soma raguwa. Muka kai ta asibiti a Talata Mafara. Likitar, wata mace mai fara'a, ta ce ƙasusuwanta ne suka zaizaye ta ciki kamar icen da gara ta ci, kuma hakan kan sami mata da yawa in sun kai shekarunta.

To, nan fa muka tafka wauta, wai mu masu biyayya. An rene mu a kan babba ba ya ɗaukar kaya ƙarami na kallo. Muka shimfiɗa mata katifa a ƙuryar ɗaki. In ta miƙa hannu ga buta sai wani ya fizge, salla ma muka ce ta yi a zaune. Kafin damina ta wuce ƙafafunta sun mutu murus, matar da a da ke zuwa kasuwar Damri a ƙasa ta dawo ba ta ce wash ba. Ta faɗa mini ba ta tsoron mutuwa, abin da take tsoro shi ne ta ƙare ana ciccibarta zuwa bayi.

Da muka koma, likitar ta riƙe baki. "Wa ya ce ku kwantar da ita? Ƙashi motsi yake so." Ta ce tafiya kullum, hantsi ya taɓa jiki, nono, zogale, ƙananan kifi a tauna da ƙayarsu, sai maganin da ake sha kafin karin kumallo, ba a kwanciya bayansa. Yayana na Maradun ya so a tsaya ga jiƙe-jiƙe. Gwaggo ta ce jikinta ne, ta zaɓi na asibiti. Sannan ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ashe kashe ni kunka tashi yi da ladabi! Ku ba ni butata."

Daga ranar, da hantsi sai ta ɗauki sanda ta taka har wurin mai nono, tana tsokanar duk wanda ta gamu da shi. Muka gyara bakin rijiyar ya daina santsi. Ba ta sake karaya ba. Zazzaɓi ne ajalinta, kuma har makon ƙarshe a tsaye ta yi sallarta.

Nakan ce da za ta ga matan yanzu, gidan maƙwabta ma sai an hau mashin, ga lemon kwalba ya kori nono, wallahi da mun sha faɗa.

Ba ta bar mana gadon gona ba, ba ta bar zinari ba. Amma watan jiya likita ta faɗa mini irin abin da aka faɗa mata, ban kuwa tsorata ba, don na ga yadda ake yi. Shekaranjiya na tashi alwala, ɗiyata ta rugo za ta karɓi buta. Na riƙe gam.

"Inna, ki kawo mana."

Na ce, "Ladabinki na gode. Butar dai tawa ce."