Hannun Halvard

Halvard Myklebust maƙwabcina ne, shi ya koya min Mos, wato maganar nan ta ƙara gajera da doguwa da muke aika wa juna ta rediyo. Shekara talatin yana riƙe da rediyon jiragen kamun kifi. Da ya yi ritaya sai ya ɗaura eriya daga rufin gidansa zuwa bishiyata, ko izini bai nema ba. Taurin kai kam Allah ya ba shi. In ka ce masa yanzu kowa da waya a aljihu, sai ya ce, "To kira min Teuvo da ita mana, gwani."

Teuvo tsohon direban jirgin ƙasa ne a Finland. Ba su taɓa ganin juna ba, ba mai jin yaren wani, amma gajerun kalmomin Mos ɗaya ne ko'ina, kuma suna ratsa hayaniyar da murya ba ta iya ratsawa. Kowace Lahadi ƙarfe tara na safe suke haɗuwa, shekara ashirin da shida, suna taɗin iska da dusar ƙanƙara da ciwon gwiwa. A cikinmu ana gane mutum da bugun hannunsa a kan madannin da ake buga Mos da shi, kamar yadda ake gane takun mai gida.

Sai ciwon karkarwar hannu ya kama Halvard. Kofin da zai sha ma rabinsa a faranti yake ƙarewa. 'Yarsa Ragnhild ta samar masa ɗaki a gidan kula da tsofaffi, can kuwa ba a yarda da eriya ba. Ranar Juma'a zai tashi. Lahadi uku yana zaune yana jin Teuvo na kiransa bai amsa ba, don kunya. Saura Lahadi ɗaya, kuma yana so ya yi ban kwana.

Ni na kawo dabarar, har yau ina jin haushin kaina. Ranar Lahadin na haɗa masa kwamfuta da rediyon, ya faɗa, na rubuta, na'ura ta buga Mos tas da lambar kiransa ta rediyo, ba tuntuɓe ko ɗaya. Muka jira. Can sai ga amsar Teuvo, a gajarce: "Wannan ba Halvard ba ne. Ko kai wane ne, ka ji kunya, ka bar lambar kiran mutum."

"Ka gani ko?" in ji Halvard. "Ka mai da ni ɓarawon sunana. Cire min wannan tarkacen."

"Tsoho, bari in buga da hannuna in yi masa bayani. Minti ɗaya."

"Kai ka zauna da shi shekara ashirin da shida? Ba a aron hannu a yi sallama. Matsa."

Ya jawo tsohon madanninsa na tagulla, ya danne wuyan hannun dama da na hagu, ya fara. Na kasa kunne iyakar iyawata. Gajera ɗaya sai ta fito uku, doguwa ta karye a tsakiya. Ni da na san abin da yake son faɗa ban tsinci ko harafi biyar ba. Tausayi ya cika ni, ga ni tsaye da hannu biyu lafiyayyu ba su da amfanin komai.

Da ya tsaya, sai Teuvo ya dawo, a hankali, yadda ake buga wa ɗan koyo.

"Yauwa, yanzu kai ne. Ban gane ko kalma ɗaya ba, aboki, amma na ji daɗi. Huta. Ka faɗa min Lahadi mai zuwa."