Mai Tabon Manja a Gonar Maiwa

Yarana sun ɗauka a cikin waya aka haifi kiɗan rok. In na ce musu an yi lokacin da duk faɗin unguwarmu kaset uku ne kacal na wannan kiɗa, kuma duka ukun a shagon tela guda suke, sai su riƙa kallona da tausayi, su koma danna abinsu.

Telan nan a Sabon Garin Gusau yake. Iyayensa daga gabas suka zo, amma shi a Gusau aka yanke masa cibiya, in ya saki Zamfarci kuwa ko kakata ba za ta nuna masa komai ba. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Ina ce masa Oga, shi kuma yana ce mini Malam don tsokana, saboda lokacin ina makarantar horon malamai kuma ko alli ban taɓa riƙewa a gaban aji ba. Wando na kai masa ɗinki ranar da na fara jin kiɗan. Wata ƙara ce ta fito daga rediyonsa kamar ana yanka kwanon rufi, na tambaye shi ko rediyon ya lalace ne. Ya ce in zauna tukuna. Na zauna. Wandon bai samu ba sai da sallah ta wuce, ban kuma yi masa ƙorafi ba, domin kullum ina da dalilin komawa.

Takardun jikin kasa-kasan sun daɗe da yagewa, saboda haka mu muka raɗa musu suna: Ja, Baƙi, da Mai Tabon Manja. Yanzu waya ta gaya mini sunayensu na gaskiya da na mawaƙan, ban kuwa ga inda suka fi namu dacewa ba.

Ja hayaniya ne zalla. Mai gangar ciki dukanta yake kamar ta zagi uwarsa. Kaset ne na wanki da sharar ɗaki, yana sa hannu sauri, amma duk wanda ya ce mini shi ne gwaninsa na san bai taɓa sauraronsa a zaune ba. Baƙi kuwa wani bawan Allah ne yake kuka tun daga farko har ƙarshe saboda mace ta bar shi. Oga ne ya fassara mini. Na ce da wannan murya ni ma na fahimci uzurin matar, Oga ya jefe ni da guntun alli, ya ce ban san soyayya ba. Gaskiyarsa ne, lokacin ban sani ba, amma ko bayan da na sani ra'ayina bai canza ba.

Mai Tabon Manja shi ne kaset. Jitar ciki a hankali take farawa, kamar baƙo mai sallama a ƙofar gida yana jin nauyin shiga, sai ka farga ta riga ta zauna maka a ƙirji. A gefe na biyu akwai dogon kiɗa wanda babu waƙa a cikinsa ko kalma guda, jitar ce kawai take tambaya tana ba kanta amsa. Na sha rigima da mutane a kan wannan kiɗa, kuma har gobe a shirye nake.

Sai dai Oga ba don jitar yake riƙe da shi ba. In kiɗan ƙarshe ya mutu, akan ji ƙas, sai muryar wani saurayi ta fito ras tana cewa, "Kai, ɗauke hannunka ga rediyona." Sai dariya, sai gudun ƙananan ƙafafu, shi ke nan. Yayan Oga ne. Kasa-kasan duka nasa ne, kuma Oga ne yaron da ya lallaɓa ya danna jan maɓallin ɗaukar magana. Yayan ya rasu a haɗarin mota a hanyar Tsafe tun bai kai talatin ba, kuma duk duniya babu inda muryarsa ta saura sai nan. Oga ya ƙi kai kaset ɗin wurin masu kwafi a kasuwa, ya ce injinansu cin zare suke yi. In kiɗa ya kusa wurin yakan tsayar da keken ɗinki. Ba wanda ya ce mini in yi shiru, ni ma na koya.

Wata shekara da damina ta ja baya, tafiya ta kama Oga zuwa garin iyayensa, bikin 'yar ƙanwarsa. Bai yarda da hanya ba, bai kuma yarda da yaran shagonsa ba, don ya san suna iya ɗora masa waƙar biki a kai. Ya naɗe Mai Tabon Manja a ƙyalle ya damƙa mini amana. Na ji daɗi ƙwarai, har kaina ya yi girma. A makon ne kuma aka tura ni Nahuce in taya kakata aikin gona, tunda makaranta tana hutu. Barin kaset a gidanmu tsakanin ƙannena daidai yake da jefa shi a rijiya, sai na tafi da shi tare da ƙaramin rediyona.

Kakata ta wajen uwa ce, gajeriya, mai bakin da ba ya hutawa. Maigida take ce mini, yadda kakanni kan yi wa jikoki, ni kuma in ce mata amarya, kullum tana ƙorafin ta auri malalaci. Tana da 'yar gayauna a bayan gari inda ta shuka maiwa, kuma shekarar nan maiwar ta yi kyau har tsuntsaye suka ba juna labari. Da hantsi in na kunna kaset a gindin bishiya takan leƙo ta tambaya ko injin niƙa aka kawo garin ba a gaya mata ba.

Abin da ban kula ba shi ne yayin da ake yi a gonakin ƙasar Bungudu, inda Nahuce take, a lokacin. Manoma sun gano cewa zaren kaset ya fi gwangwani da tsumma korar tsuntsu. Sai a kafa sanduna a ja zaren daga wannan zuwa wancan, rana ta haska shi yana walƙiya, iska ta kaɗa shi yana wani gurnani, tsuntsu ko kusa ba ya zuwa. Matattun kasa-kasai har wuya suka yi, yara na tsintarsu a bakin titi. Duk maƙwabtan kakata sun ja nasu, ita kaɗai ta rage, don haka duk tsuntsun yankin gonarta ya mayar gidan biki.

Ranar kasuwa aka aike ni Bungudu. Da na dawo na tarar da ƙyallen Oga a ninke tsaf a kan tabarmata, babu komai a ciki. Kakata tana tsakar gida tana tankaɗe, a gefenta ga ɓarin kwanson kaset ta zuba allurai a ciki. Na tambaye ta ina zaren.

"Wanga zare? Ai na ɗauka ka gama da shi, tunda kullum abu guda shika hwaɗi," in ji ta. "Tsuntsaye sun hi ka hankali, maigida. Su da sunka ji shi sai sunka gudu."

Ban tsaya saka takalmi ba. Na iske Mai Tabon Manja a miƙe daga wannan kusurwar gona zuwa waccan, yana sheƙi a rana. In faɗi gaskiya aikin ya yi kyau, ko tsuntsu guda babu. Na kai hannu zan kwance, sai na ga iska ta riga ni. Ta nannaɗe zaren a zangarniyoyi, ta cusa shi tsakanin ganye, duk inda na ja kaɗan sai in ji yana shirin tsinkewa. Na zauna a kan kunyar gona na riƙe kai. Tsoro ne ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba, domin na san wani wuri a cikin wannan walƙiya akwai muryar mamaci, kuma ban san a kan wace zangarniya take ba.

Da Oga ya dawo na je Gusau na same shi. A mota na shirya jawabi mai tsawo, amma da na tsaya a gabansa abin da ya fito bai wuce jimla biyu ba. Bai yi faɗa ba, ni kuwa da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya cire tef ɗin awo daga wuyansa, ya rufe shago da rana tsaka, ya ce mu je ya gani.

Kakata ta karɓe shi hannu bibbiyu. Ta dama masa fura, ta yaba Hausarsa, ta ce da ta san akwai irinsa da ba ta auri wannan malalacin ba. Ta ma yi masa godiya a kan zaren, ta ce in yana da wani ya ƙaro mata don gefen rafi bai samu ba. Ina ta yi mata alama da ido, ita kuwa ta ce in daina harararta a gaban baƙo. Oga ya shanye furarsa, ya ajiye ƙwarya, sannan ya gaya mata abin da ke ƙarshen zaren, cikin natsuwa, ba tare da ƙarin gishiri ba.

Tun da nake ban taɓa ganin bakin kakata ya mutu ba sai ranar.

"Ashe mutum na ɗaure cikin rana," ta ce. "Ɗana, tashi mu tai mu kwanto shi. Maiwa ta tsuntsaye ce."

Muka tafi gonar mu uku. Oga ya zagaya ta a hankali, yana sunkuyawa yana duba yadda zaren ya sarƙe, irin duban da yake yi wa yadi kafin ya sa almakashi. Ya ce in an ja yanzu gutsi-gutsi za a kwasa, gara a bari a kwantar da karan da girbi, a zare shi a hankali. Ya kuma ce yayansa mutum ne mai son a ba shi aiki, bari ya ƙarasa wanda aka ba shi. Ya yi dariya da ya faɗi haka, amma idonsa ya kaɗa.

Daga ranar al'amari ya juye. Kakata da ta ja zare don ta huta da gadin maiwa sai ta koma gadin zare. Da sassafe take ɗaukar tabarma da sanda ta tare a bakin gona. Ta kori awaki, ta kori yara, ta yi wa wani mai jaki tatas don ya ratsa kusa. Tsuntsun da ya yi gangancin sauka a kan sanda sai ya sha jifa da hoge. In rana ta take takan dubi zaren ta ce masa sannu. Ni kuwa ta ɗora mini laifin komai, ta ce wane irin miji ne zai ajiye mutum a ƙyalle bai gaya wa matarsa ba.

Ranar girbi Oga ya zo da almakashi da salatif. Kakata ta hana kowa shiga gonar sai mu. Muna kwantar da kara ɗaya bayan ɗaya, shi yana zare zaren da yatsun tela, ni ina naɗewa a jikin biro. Ya tsinke a wurare da dama, ya yi ƙura, wani wurin kashin tsuntsu ne a kai. Muka zauna a inuwa yana gogewa da auduga yana haɗawa. Da yake kwanson ya zama gidan allura, sai muka kwance Baƙi muka ba Mai Tabon Manja gidansa. Zaren Baƙi kuwa Oga ya miƙa wa kakata don baɗi, na ce yau dai mawaƙin ya samu abin kuka na gaskiya.

Da la'asar muka saka shi a rediyona a tsakar gida. Rana ta ja zaren ya saki, jitar da nake taƙama da ita tana tafiya tana layi kamar mai jin barci, wani wurin ta nutse ta sake ɓullowa. Kakata ta saurara, ta ce ita dai ba ta ji wani bambanci ba. Muka juya gefe na biyu, dogon kiɗan ya ja jiki ya wuce, na ƙarshe ya mutu. Oga ya matso ya ɗora yatsa a kan maɓalli, ina jin don ya kashe ne in abin da zai fito ba zai jure ba.

Aka ji ƙas. Sai shuu mai tsawo, har na fid da rai. Sannan muryar ta fito, amma ba ta saurayin nan ba ce. Ta yi kauri, ta yi nauyi, tana jan kowace kalma a hankali irin na dattijon da ya ga jikoki.

"Kai, ɗauke hannunka ga rediyona."

Oga ya janye yatsansa da sauri ya ɗora a gwiwa. Dariyar ta biyo baya, ita ma ta tsufa, ƙasa-ƙasa. Kaset ya kai ƙarshe ya tsaya da kansa. Na fara ba shi haƙuri a kan yadda muryar ta lalace, ya ɗaga mini hannu.

"Ba ta lalace ba, Malam," ya ce. "Kullum ina tunanin yadda za shi zama in da ya tsuhwa. Yau na ji."