Haƙorin da Ya Hana Yayata Takaba

Mijin yayata ɗan kabu-kabu ne. Wata damina ya ɗauki mutum daga Maraɗi zuwa Jiratawa, daga shi har babur ɗin ba wanda ya sake gani. Muka yi yawon asibiti da gidan kaso har ƙafafunmu suka gaji. Yaya ta zauna a gidan mijinta a unguwar Zariya, nan cikin Maraɗi, tare da surukarta, ita ba mai miji ba, ita ba bazawara ba.

Wata shekara da ruwan gulbi ya janye, masu ɗibar yashi suka tono ƙasusuwan mutum wajen garin Tsibiri. Jandarma suka kira mu, ni na raka Yaya. Babu fuska, babu riga, sai ƙashi da haƙora. Na ce a ba mu mu rufe, wane irin wulaƙanci ne wannan, ɗan Adam a cikin kwali? Likitan ya ce sai an cire haƙori ɗaya an aika Yamai, daga can a wuce da shi ƙasar waje. Wai cikin haƙori akwai sinadarin da ke sauyawa a hankali tun mutum na yaro, shi ke faɗin shekarun mamaci. In sun yi daidai da na mijin Yaya, sai a gwada jinin mahaifiyarsa.

Yaya ba ta jira ba. Muna komawa gida ta cire ƴan kunnenta, ta bar kwalli da turare, ta shiga takaba. Na yi mata faɗa sosai.

Ta ce, "Ƙyale ni, ƙanwata. Takaba tana da ranar fita. Wannan zaman fa?"

Wallahi a watannin nan ne na ga tana cin abinci, har barci take yi.

Saura kaɗan ta fita, sakamako ya dawo. Mamacin dattijo ne, ya haura hamsin, mijin Yaya kuwa ko talatin bai cika ba. Surukarta ta yi ta hamdala, ta yi sadakar masa. Ban ga laifinta ba, ɗanta ne. Amma ni baƙin ciki ya turnuƙe ni, na rasa wanda zan zaga.

Da la'asar tsohuwar ta shigo da ƴan kunnen a tafin hannunta.

"Sa abinki, ɗiyata, mijinki na nan da rai."

Yaya ta karɓa. Ta kasa samun hujin, sai ni na sa mata. Har yau suna kunnenta, shi kuma bai dawo ba.