Yadda Aka Yi Wa Kayan Wasan Ƙanena Rabon Tsaraba

Ana sallame asuba muka kama hanyar Gumel daga Kano, ni da wani abokina mai kyamara. Ƙanena ne ya aike mu. Karatu ya kai shi Kanada, can ya faɗa wani wasa da suke kira lakuros, wanda ake yi a rufaffen ɗaki da sanda mai 'yar raga a kai kamar ludayi, ana cafe ƙwallo ana jefawa. Shekara tara ana biyansa yana bugawa, har gwiwarsa ta dama ta ce ta gaji. Yanzu wata ƙungiya ta ce za ta ɗauke shi mai horarwa, in ya nuna hoton yaran da yake ta cika baki ya kafa wa ƙungiya a gida. Jaka huɗu ya aiko bara, ni kuma na loda wa direba ya kai wa danginmu. Ranar Litinin za a rufe karɓar hoton.

A Gujungu muka sha shayi, mai shayin yana auna madara kamar maganin ido. Muka isa Gagarawa hantsi ya ɗaga, gero ya yi kyau dama da hagu. Tun kafin mu kai gidan baffanmu na hango sandar farko a hannun wata mata, ta miƙe tana tsinko tsamiya da ita. Ragar tana cafewa tsaf, ko ɗaya ba ta faɗuwa ƙasa. Abokina ya fashe da dariya. Baffa ya ce ai ranar da jakar ta iso ya shimfiɗa tabarma, ya kira masu unguwa da surukai, kowane gida ya samu rabonsa.

A Gumel ma haka na tarar. Ragar gola gwaggonmu ta kife ta a kan 'yan tsaki saboda shirwa. Ta kawo mana fura mai sanyi, na sha ina huci. Mutum ya yi shekara tara ana buga shi da bango, haƙorinsa biyu suka zube, da rana yana ɗaukar kaya a sito don albashin wasan bai isa ba, a ce ƙarshen guminsa akurki ne. Wallahi raina ya ɓaci.

Maigatari, garin kawunmu, ranar kasuwa ce, raƙuma da shanu sun cika hanya, ragon da ka taya sai ka nemi wurin zama. Nan wani ɗan acaɓa ya wuce mu sanye da hular kwano mai waya a fuska, lambar ƙanena a ƙeya. Na tare shi, na faɗa masa ko ni wane ne.

Ya ce, "Alhaji, kado ne, wato kyauta, kawunka ya ba ni. Sau biyu na faɗi da ita, ko ƙwarzane."

Safar hannun wasan kuma tana wajen mai tsire, ɗaya kawai, ɗayar an kai wani gida. Na sayi tsiren don yunwa ba ta san fushi ba.

Hanyar Sule Tankarkar ta jijjiga mu, muka zarce Ɗanzomo bayan la'asar, wajen ƙanen kakanmu, wanda jaka ta huɗu ta je hannunsa. Na same shi a ƙofar gida yana dogare da wata sanda mai baƙin salatif a hannu. Na gane ta nan take. Da ita ƙanena ya ci ƙwallonsa na ƙarshe, ya ce a ba yaron da ya fi kowa iyawa. Na durƙusa na gaishe shi, amma ban iya riƙe bakina ba.

Na ce, "Baba, wannan kayan ƙungiya ne. Kun raba su kamar goro, kun kashe masa aiki."

Ya dube ni ya ce, "Jikana ya yi shekara goma sha huɗu bai tako ba, sai ga kaya daga hannunsa. In na kulle a ɗaki na hana mutane, me za a kira ni? Da wannan nake zuwa Juma'a, kowa ya tambaya in ce ta ɗanmu ce. Wasan da kake faɗa, wa ya taɓa ganinsa a nan? Kai da ka aiko direba, ka iya?"

Ban iya ba. Ko takarda ban haɗa da jakunkunan ba. Abokina ya raɗa mini cewa mu tattaro sanduna shida, mu jera matasa a fili su riƙe, hoto ai ba ya magana. Har na so in yarda. Sai na ce ya mayar da kyamararsa jaka.

Mun kwana a Gumel, washegari muka dawo Kano. Fushin da na tafi da shi a kan dangi na dawo da shi a kaina da kan ƙanena. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, a garinmu duk abin da ya zo daga nesa ba mai shi a gaba, tsaraba ne, kuma tsaraba rabawa ake yi.

Na kira shi na faɗa masa babu ƙungiya, babu hoto, kada ya jira Litinin. Sai ya tambaya ina sandarsa mai baƙin salatif.

Na ce, "Tana zuwa masallaci duk Juma'a. Ita dai ta zo gida, saura kai."