Tsutsar Tsamiyar Kakata

Jiya maƙwabciyata ta ɗiga ruwan toka, warin ya tsallako katanga ya mayar da ni ƙauyenmu na bakin kogin Haɗeja.

Kakata makaɗiyar zare ce, amma ba na auduga kaɗai ba. A bayan gidanmu akwai tsamiya uku, kuma a duk yankin su kaɗai suka rage da tsutsar da ke yin zaren da ake yi wa manyan riguna aiki. Ruwan fari na sauka, faɗa-wuta za su fito su yi ƙwai a bayan ganye. Tsutsotsi masu gashi su ƙyanƙyashe, su yi ta hawa da sauka a jere. Da kaka sai su taru su saƙa gida ɗaya, ja-ja, su shige har wata damina. Ita kuwa ba ta cire gidan sai ta ga ƙofofin da suka fice. Sannan ta dafa shi da toka, ta kaɗa.

Ni ce 'yar gaban goshinta, ga rawar kai. Shekarar da ciwon ido ya kwantar da ita, na ce bari in yi abin kirki. Na hau na tsinke gidajen kaf, na dafa, na kai mata ina jiran yabo. Ta shafa, ta ji nauyinsu.

"Da masu gidan a ciki kika dafa, 'yar nan," ta ce. Ko tsawa ba ta yi min ba, da ma ta yi.

Damina biyu ba tsutsa ko ɗaya. Idonta ya tafi gaba ɗaya, amma ruwa na sauka sai ta tambaye ni ko sun dawo. A ta uku na ce sun dawo. Ta miƙo tafin hannu. Na ɗebo wata tsutsa a gonar wake na ɗora mata. Ta daɗe tana shafa santsin bayanta, sannan ta sa min albarka, ta ce in mayar da ita cikin 'yan'uwanta. Kakata ba ta kai girbi ba ta rasu.

Yau wurin gonar shinkafa ce, aikin riga kuma keke ke yi. An ce can kudu har yanzu akwai irin tsutsar, ban je ba. Sai da na yi jikoki na gane ba ni na lallashe ta ranar ba, ita ta lallashe ni.